Gadi ko Gado

Bukit Jalil, Kuala Lumpur
Litinin, 8 ga Satumba, 2025, ƙarfe 4:20 na yamma

Ƙanwata Khaulah,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, jiki kuma yana ɗaukar horon. Ni ƙalau nake, sai ɗan mura da sanyin na'urar ɗaki ya jawo min. Sakamakon jarrabawata ta ƙarshe ya fito, na gama digirin ƙididdiga. Bikin yaye mu sai Nuwamba, don haka yanzu ba abin da nake yi sai jira. Ana ruwa da tsawa, ina zaune a falo ni kaɗai, Hadiyya da muke haya tare ba ta dawo daga makaranta ba.

Takardarki ta iso ɗazu. Maman Juwairiyya, wadda take sayar muku da abinci a bakin barikin horo, ita ta ɗauki hotonta ta turo min, shafi biyu. Ta ce idan na aiko da amsa za ta buga a takarda a cikin gari ta miƙa miki, tunda an hana kurata riƙe waya. Ki yi mata godiya a madadina.

Na karanta cewa ku arba'in ne a rukuninku, mata tara, kuma gudu da fareti da harbi duk tare da maza kuke yi. Wannan mun san da shi tun kafin ki tafi. Abin da ya sa na zauna rubutu yanzu layi ɗaya ne a shafi na biyu.

Kin ce rufin ɗakin mata ya yi yoyo, an kwashe ku zuwa wani gini. Ba ki faɗi wane gini ba. Layin da ya biyo baya ya ce: “Tun makon jiya an haɗa ni gad… ɗaya da wani Imran ɗan Jalingo, kuma haka za mu ci gaba har a gama.” Harafin ƙarshe na wannan kalmar ruwa ya taɓa shi, tawadar ta bazu. Ko dai gadi ne, ko gado.

Na faɗaɗa hoton har haruffan suka farfashe. Na roƙi Maman Juwairiyya ta sake ɗauka a rana, ta sake, bai canza ba. Na bi rubutunki tun daga sama: kusan rabin i ɗinki ba su da ɗigo, o ɗinki kuma siriri ne. Hankalina ya fi ba ni gadi. Amma a takardarki ta farko kin ce gadajenku masu hawa biyu ne, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ga kuma zancen an kwashe ku, don haka ba zan iya cewa ɗaya kalmar ba ta da gurbi ba.

Kin san dalilin damuwata. Mahaifinki, Kawu Yahuza, bai bar ki kin shiga soja ba sai da na bincika na tabbatar masa cewa wurin kwanan mata daban ne. Sharaɗinsa ɗaya ke nan. Ya kuma sa na yi alkawari, a gabanki, cewa duk abin da kika rubuto min da ya shafi wannan sharaɗi zan faɗa masa yadda yake. Ban faɗa masa komai ba tukuna, don ban san me zan faɗa ba.

Ki rubuto min kalmar nan da manyan baƙaƙe, ki naɗe takardar a leda.

Yayarki,
Firdausi

*

Ɗambatta
Lahadi, 14 ga Satumba

'Yata Firdausi,

Bayan sallama, ina taya ki murnar kammala karatu, Allah ya sa albarka a cikinsa. Mu nan lafiya lau, gwiwar ce dai take tuna min da kanta idan hadari ya taso. Umman Khaulah tana gaishe ki.

Mahaifiyarki ta zo mana jiya, a cikin hira ta ce Khaulah ta rubuto miki takarda mai shafi biyu. Ni abin da nake samu daga wurinta layi uku ne: tana lafiya, tana sallah a kan lokaci, a yi mata addu'a. Na yi shekara talatin ina koyar da yara, na san wanda ya rubuta layi uku yana da na huɗu a wani wuri.

Ni da mahaifiyarki 'ya'yan wa da ƙane ne, amma ban taɓa bambanta ki da Khaulah ba. Na ɗora miki wannan nauyi ne don a cikin zuri'armu ke ce ba kya ƙara gishiri a magana. Shin akwai wani abu a takardar da ya shafi abin da muka yi magana a kai?

Kawunki,
Yahuza

*

Bukit Jalil
Litinin, 15 ga Satumba, ƙarfe 11:05 na safe

Kawu,

Wa alaikumus salam. Na gode da addu'a. Allah ya ƙara sauƙin gwiwar, a gaishe da Umma.

Akwai. Zan raba abin da na sani da abin da nake zato, don Allah a karanta har ƙarshe.

Abin da na sani: ɗakin mata ya yi yoyo, an mayar da su wani gini da ba ta ambata ba. Ta rubuta cewa an haɗa ta wani abu ɗaya da wani kurtu namiji mai suna Imran. Kalmar ta fara da g, a, d, harafi na huɗu kuma ruwa ya ɓata shi. Ga hoton nan na haɗo, Kawu ya gani da idonsa. Na tambaye ta tun makon jiya, amsa ba ta zo ba. Maman Juwairiyya ta ce an fita da rukuninsu atisaye cikin daji tun ranar Talata, takardata tana hannunta ba ta samu wanda za ta ba ba.

Abin da nake zato: gadi ne, wato tsaron ƙofa ko na ma'ajiyar makamai da ake sa kurata su yi biyu-biyu. Idan aka ce in auna, zan ce kashi tara cikin goma gadi ne. Ban ce goma ba saboda ban ga harafin ba.

Shawarata ita ce a jira ta dawo daga daji ta amsa da kanta.

'Yarka,
Firdausi

*

Ɗambatta
Daren Litinin

Firdausi,

Na ga hoton, na sa tabarau na cire. Yadda kika faɗa haka yake, Allah ya yi miki albarka.

Kin ce tara cikin goma. Ke lissafi kika karanta, taran kike gani. Ni uba ne, ɗayan nan nake gani. Ranar Alhamis zan hau mota. Idan gadi ne na ga 'yata na dawo. Idan ɗayan ne, da ita zan dawo.

Ban faɗa wa Ummanta dalilin tafiyar ba. Ke ma kada ki faɗa wa mahaifiyarki.

Yahuza

*

Bukit Jalil
Laraba, 17 ga Satumba, ƙarfe 9:30 na safe

Khaulah,

Sallama da fatan kin dawo daga daji lafiya. Murata ta warke. Wannan takarda za ta tarar da ta farko a hannun Maman Juwairiyya, ki karanta su bi da bi.

Kawu ya tambaye ni, na faɗa masa abin da na gani, na tura masa hoton. Na ce masa zatona gadi ne. Gobe zai taso ya zo wurinki.

Jiya hutu ne a nan, sai na tafi Pantai Dalam wurin Anti Daso. 'Yar Gumel ce, mijinta Manjo Abdulwahidu soja ne da aka turo yin digiri na biyu a babbar jami'ar da ke kusa da su. Na tsaya a shagon mamak, wato na abincin Musulmin Indiya, a Sri Petaling na yi musu tapau, wato ƙunshin tafi-da-gidanka, na gurasar roti, na hau jirgin ƙasa. Na so in ji daga bakin wanda ya san aikin.

Anti Daso ta karɓi wayar ta karanta, ta yi ta dariya har ta ajiye ludayi.

“Ke 'yar boko,” in ji ta, “wace yarinya ce za a haɗa ta gado da ƙato, ta rubuta shi a layi ɗaya, sannan ta wuce zancen takalmi ya matse ta?”

Na ce wannan hujja ce mai ƙarfi, amma ba shaida ba ce. Ta ce in ci abinci lah, kamar yadda 'yan Malesiya suke ƙare magana, na rame a kan harafi ɗaya.

Manjo bai yi dariya ba. Ya ce a zamaninsa mata rukuninsu daban, filinsu daban, sai ranar yaye su ake ganin juna. Haɗa horon daga baya ya zo, shi bai taɓa koyarwa a ƙarƙashinsa ba. Ya ce dokar wurin kwana tana da tsauri ƙwarai, duk hafsan da ya karya ta aikinsa ya taɓa, kuma a ganinsa gadi ne. Na tambaye shi ko zai iya rantsewa. Ya ce ba zai rantse a kan barikin da bai taka ba.

Ya ce yana da abokin aiki a can da zai iya kira. Amma ya gargaɗe ni cewa da zarar hafsa ya kira daga ƙasar waje yana tambaya ko an kwantar da kurtu mace tare da namiji, sai an buɗe bincike, kuma ko an wanke ku, sunanki da na Imran za su ci gaba da yawo tare a bakin mutane har ku bar aiki. Na ce kada ya kira.

Abu na ƙarshe da ya faɗa shi ya fi muhimmanci, ki lura da shi. Uba ba ya iya cire kurtu daga horo. Ke kin wuce shekara goma sha takwas, sai in ke da kanki kika sa hannu cewa kin janye. Wanda ya sa wannan hannu kuma ba a sake ɗaukarsa. Don haka ko me Kawu zai ce a bakin ƙofa, kada ki sa hannu a kan komai cikin gaggawa ko cikin kuka. Ki nemi a ba ki lokaci.

Na rubuta wa Kawu duk wannan jiya da yamma. Amsarsa kalma biyu ce: “Na gani.”

Yayarki,
Firdausi

*

Bariki
Asabar, 20 ga Satumba

Yaya Firdausi,

Sallama. Ina lafiya, ƙafafuna ne dai duk kanta, fuskata kuma ta yi baƙi har ba za ki gane ni ba.

GADI. Ga shi nan da manyan baƙaƙe, a cikin leda, da biron Kofur da na ara. Ranar Alhamis muka dawo, Maman Juwairiyya ta ba ni takardunki biyu a ƙarƙashin kwanon shinkafa. Ta farkon ta sa ni dariya a kan layi har aka sa ni tsallen kwaɗo. Ta biyun ba ta ba ni dariya ba.

Ɗakin karatu aka mayar da mu, mu tara, Sajan mace tana kwana a bakin ƙofa kamar kwaɗon ƙarfe. Namijin da ya zo kusa da tagar ma sai ya kwana a tsare a gadurum. Imran kuwa gajere ne mai kunnuwa, ba shi da zance sai na kamun kifi. A wurin gadi baya muke juya wa juna, shi yana kallon gabas ni ina kallon yamma, an hana mu magana. Na fi sanin tarinsa a kan fuskarsa.

Bari in faɗa miki abin da ban samu wanda zan faɗa wa ba. A nan kowane namiji da sunan garinsu ake kiransa: Jalingo, Biu, Kontagora. Mu mata kuwa dukanmu Hajiya ce. “Hajiya, a kawo miki kujera?” “Hajiya, bindigar ba ta ɓata lalle ba?” A daji an ba mu gungumen itace mu tsallake rafi da shi, mutum shida-shida. Na ga yadda suke ture juna kada a haɗa su da ni. A tsakiyar ruwa Imran ya gurɗe ƙafa. Na karɓi jakarsa a kan tawa, ban saki itacen ba, har muka hau tudu. Babu wanda ya yaba min. Amma da dare wajen rabon abinci wani ya ce, “Ɗambatta, miƙo kwanonki.” Na waiga ina neman wanda ake kira.

Baba ya zo jiya bayan Juma'a. Samanja ya ba mu ɗan lokaci a rumfar bakin ƙofa. Na durƙusa na gaishe shi da kakin a jikina, ya rasa inda zai sa idonsa. Bai tambayi lafiyata ba.

“Gadi ko gado?”

“Gadi, Baba.”

Ya sauke numfashi, na ɗauka an gama. Sai ya tambaya mu nawa ne a wurin gadin, na ce biyu. Da rana ko da dare, na ce da dare. Wa yake tare da mu, na ce Kofur yana zagayowa lokaci-lokaci. Ya daɗe yana kallon sandarsa. Ya ce lokacin da ya kafa sharaɗinsa bai san da wannan ba, da ya sani da ya sa shi a ciki.

Ya roƙi Samanja a haɗa ni da mace. Samanja ya ba shi girmansa sosai, Baba yake ce masa, amma ya ce da gangan ake haɗawar, don ranar da aka tura mu bakin aiki babu mai zaɓar wanda zai tsaya a bayansa. Baba ya ce ya fahimta. Kin san shi, idan ya ce ya fahimta ba yarda yake nufi ba.

Ya sauka a gidan wani tsohon ɗalibinsa a cikin gari. Ya ce zai yi istihara, ya dawo Juma'a mai zuwa da amsarsa. Idan ya ce in taho, yana so in sa hannu a ranar.

Yaya, ba zan sa ba. Na gama yanke wannan tun a cikin rafin nan. Ban taɓa ce wa Baba a'a ba tun da aka haife ni, kuma ina so ya ji ta daga bakina yana kallona, ba a waya daga Malesiya ba. Na san ba ki iya ƙarya, ba ita nake roƙo ba. Ki dai bar min wannan.

Ƙanwarki,
Khaulah

*

Bukit Jalil
Litinin, 22 ga Satumba, ƙarfe 5:10 na yamma

Khaulah,

Wa alaikis salam. Alhamdu lillahi da kika dawo lafiya. Ki riƙa shanya ƙafafun idan kin samu sarari, kada ki fasa kantar. Ni lafiya lau. Anti Daso tana gaishe da Ɗambatta, ta ce in faɗa miki tun farko ita ta canka.

Takardarki ta iso jiya da yamma, kowane harafi ya fito sarai, har da sakin layi na ƙarshe. Na karanta shi sau da yawa. Ba zancen wurin kwana ba ne kai tsaye, don haka zan iya cewa alkawarin da na yi bai hau kansa ba. Amma na san abin da Kawu yake nufi ranar da ya karɓi alkawarin, kuma ba na son in ɓuya a bayan lafazi.

Ɗazu da azahar a nan, wato da asuba a wurinku, ya rubuto yana tambaya ko kin aiko da wani abu. Ga abin da na amsa, kalma da kalma, don ki san inda kika tsaya:

“Kawu, ta aiko. Ta tabbatar da gadi ne, ta kuma ce Sajan mace ce take kwana a ƙofarsu. Akwai sauran magana a takardar da ta ce ita za ta faɗa maka da bakinta ranar Juma'a. Ba zan ce babu ba, kuma ba zan faɗa ba. Ina roƙon Kawu ya sauke min alkawarin nan daga yau. Yanzu kana kusa da ita fiye da ni. Idan na saɓa, a yafe min.”

Alamar ya karanta ta fito nan take. Bai amsa ba har yanzu. Na kira sau ɗaya don in gaishe shi, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ban sake kira ba.

Allah ya zaɓa muku abin da ya fi alheri, ke da shi.

Yayarki,
Firdausi

Abubuwan da ban sani ba har zuwa wannan lokaci:

Ko shirun Kawu fushi ne ko tunani.

Ko ya riga ya gane abin da za ki faɗa daga ƙin faɗar da na yi. Mai yiwuwa ne, kuma idan haka ne, ban bar miki shi duka kamar yadda kika roƙa ba.

Ko Umma ta san dalilin da ya sa bai dawo gida ba.

Ko Imran ya san an yi kwanaki ana ambaton sunansa a ƙasashe biyu.

Ko wannan takarda za ta same ki kafin Juma'a.

Amsar da Kawu zai zo da ita.

Ko idan ya tsaya a rumfar nan da sandarsa ya ce ki taho, bakinki zai iya faɗar abin da hannunki ya rubuta.